Alkyabbar Maryamu: Tarihin Wani Ganyen Turai da Ciwon Marar Mata

A kan tuddan Alpes, tsakanin Suwis da Ostiriya da kudancin Jamus, inda makiyaya ke hawa da shanu bayan ƙanƙara ta narke, akwai wata ƴar ciyawa da ba ta kai gwiwa ba, wadda baƙo zai taka ya wuce bai san ya taka wani abu ba. Furanninta ƙanana ne, tsakanin kore da rawaya, ba su da wani ado. Ganyen shi ne abin kallo. Kewayayye ne, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, ya nannaɗe gida 7 ko 9 ko 11 tamkar tufar da aka yi wa tattara, bakinsa kuma da ƴan haƙora irin na zarto. Da asuba akan tarar da ɗigon ruwa a kan kowane haƙori. Su gangaro su haɗu a tsakiyar ganyen, su tsaya dunƙule kamar zaiba, ba tare da sun jiƙa shi ba.

Faransawa suna kiranta alchémille, ko pied-de-lion, wato ƙafar zaki, ko manteau de Notre-Dame. Jamusawa su ce Frauenmantel, mutanen Ingila su ce lady's mantle. Ma'anar guda ce: alkyabbar uwargida, uwargidar kuwa ita ce Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa. Masana tsirrai suna rubuta Alchemilla vulgaris, sunan da Linné ya tabbatar mata a 1753. Ba ta da sunan Hausa, domin ba ta fita a ƙasar Hausa. Ciyawar sanyi ce, kuma danginta da ke Afirka sai a kan manyan duwatsu ake samunsu: tuddan Habasha, Kilimanjaro, dutsen Kenya, dutsen Oku na Kamaru.

Yau, duk wanda ya buɗe littafin magungunan gida na Jamus ko Faransa, ko ya shiga kantin masu sayar da ganyaye a Zurich ko Munich, magana guda zai ji: wannan shi ne ganyen mata, tun zamanin zamanai ake dafa shi a sha idan ciwon mara ya taso lokacin al'ada. Masu saye sun yarda, domin a Turai ma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai littattafan da suka ajiye labarin ganyen tun ƙarni na 15 suna nan, kuma abin da ke cikinsu bai yi daidai da abin da ake faɗa a kanti ba. Ganyen tsoho ne, babu shakka. Aikin da ake ba shi yau ne bai kai shi tsufa ba.

Raɓa da kimiyya

Kafin a san shi da mata, an san ganyen da ruwan nan na bakinsa. Tsohon sunansa a Jamusanci sinau, wanda masana harshe ke fassarawa da raɓar kullum, domin ko rana ta ɗaga ta shanye raɓar sauran ciyayi, tasa tana nan. Mutanen Suwidin har gobe da raɓa suke kiransa: daggkåpa, alkyabbar raɓa. Yanzu an san yawancin ruwan ba raɓa ba ne. Da dare, idan ƙasa ta jiƙe, iska kuma ta cika da laima, saiwa takan ci gaba da tura ruwa sama alhali ganye ba ya iya sakinsa cikin iska, sai ya ɓullo ta wasu ƴan ƙofofi da ke bakin haƙoran. Daga ƙasa yake fitowa.

Masu neman juya baƙin ƙarfe ya koma zinariya ba su san haka ba. A wurinsu wannan shi ne ruwa mafi tsarki, wanda bai taɓa ƙasa ba. Suna kiransa ruwan samaniya, kuma ga sana'arsu ake danganta sunan Alchemilla. Sana'ar kuwa daga littattafan Larabci ta shiga Turai, ta ƙofar Andalus: a 1144 ne Robert na Chester ya gama fassara littafin farko na wannan fanni zuwa Latin. Kalmar al-kimiya da Turawa suka ara ita ce dai Hausa ta ara ta mai da ita kimiyya. Ke nan ciyawar tuddan Alpes da darasin kimiyya na makarantun Maraɗi da Damagaram sunan kaka ɗaya suke amsawa.

Ganyen wanzamai

Likitocin Girka da Rum, waɗanda Turai ta yi shekara fiye da 1000 tana haddace maganarsu, ba su bar wani bayani da za a gane ganyen da shi ba. Dioscorides ya tattara tsirrai wajen 600 a ƙarni na 1, kuma malaman ƙarni na 16 sun sha gardama ko wannan ne abin da ya kira ƙafar zaki, ba su daidaita ba. Ganyen na mutanen arewa ne da mazauna tudu, kuma sai da injin ɗab'i ya zo sa'an nan ya samu shiga littafi sosai. A 1485, a Mainz, garin Gutenberg, Peter Schöffer ya buga littafin Gart der Gesundheit, wato Lambun Lafiya, da babi a kan sinau. A 1500 Hieronymus Brunschwig, likitan fiɗa na Strasbourg, ya sa shi cikin littafinsa na tatso ruwan ganyaye. Hieronymus Bock ya biyo baya a 1539, Leonhart Fuchs kuma a 1543.

Abin da ke maimaituwa cikin waɗannan littattafai shi ne rauni: sara da suka, jinin da ya ƙi tsayawa, wanda ya faɗo daga bisa ya ji ciwo a ciki, mai fama da ƙaba. A Turai ta wancan zamani likita mai digiri ba ya cika taɓa jini. Wanzamai ne ke ɗinkin rauni da ƙaho da cire haƙori, su ne kuma ke bin rundunonin yaƙi. Cikin kayan aikinsu akwai abin da ake kira abin shan rauni, wato ganyaye da ake tafasawa cikin ruwan inabi a ba majinyaci ya sha, a kuma wanke masa gyambon da shi. Sinau na cikin manyan ganyayen wannan haɗi, har wasu marubuta suka yi masa laƙabi da babban sanikel, suna jingina shi ga wani ganyen rauni da ya riga shi suna.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa tauna ganyen: bauri gare shi, mai kama harshe. Baurin nan daga sinadarin tanin yake, irin wanda ke cikin bagaruwa. Majemi ya san aikinsa fiye da kowa. Abin da ke kama ɗanyar fata ya tsuke ta, ya hana ta ruɓa, shi ne ke kama fuskar rauni ya ƙafar da ita, ya rage tsattsafar jini, shi ne kuma ke ɗaure hanji idan zawo ya kama mutum. Duk wani aikin ganyen da aka tabbatar daga baya, daga nan ya fito.

Daga nan kuma ya fara shiga ɗakin mata. Abin da ke tsayar da jinin soja, a tunanin likitan ƙarni na 16, zai tsayar da jinin da ya wuce kima ga mace, ya busar da farin ruwa, ya mai da jikin mai jego yadda yake. Andrés Laguna, likita ɗan Segovia a Sifaniya, wanda sharhinsa a kan littafin Dioscorides ya fito a 1555, ya ambaci garin saiwar cikin ruwan inabi don rauni na ciki da na waje, ya ambaci ganyen don karayar ƙananan yara, sa'an nan ya ce yana taimakon matar da ciki ba ya zama a mahaifarta saboda santsi. Bai ɓoye ba cewa ana cinikinsa sosai ga matan da ke son a ɗauke su budurwai.

Shekara kusan 100 bayan haka, a Landan, Nicholas Culpeper ya fitar da nasa littafin a 1652. Shi mutum ne da ya yi rigima da ƙungiyar likitoci saboda ya rubuta sirrin magani cikin Ingilishi don talaka ya karanta, kuma shi kansa ya san rauni, domin an ji masa ciwo a ƙirji a yaƙin basasar ƙasarsu. Ya sa ganyen ƙarƙashin tauraruwar Zahra, wadda masu duban taurari na lokacin ke ba mulkin al'amuran mata. Amma da ya zo lissafa amfaninsa, da rauni mai kumburi ya fara, sai tsayar da jini da amai da zawo, sai ƙaba. Sa'an nan ya zo kan mata: ɗaure nono, taimakon samun ciki idan an sha ruwansa kwana 20 a jere, da riƙe cikin kada ya zube. Ciwon mara na al'ada ba ya cikin lissafin.

Rashinsa ba mantuwa ba ce, kuma a nan ne labarin ya fi ban sha'awa. Likitancin Turai na wancan lokaci a kan ɗabi'u huɗu aka gina shi, zafi da sanyi da danshi da bushewa, tsarin da ya taso daga Jalinus, ya bi ta littafin Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka fassara zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12. Malaman ɗibbu na ƙasar Hausa sun san wannan tsari sarai. A cikinsa haila wanki ce da jiki ke yi wa kansa duk wata. Idan ta zo da ciwo, galibi akan ɗauka cewa jinin ne ya yi kauri, ko hanyarsa ta ƙuntata, ya kasa fita yadda ya kamata. Maganin abin da ya toshe kuwa shi ne abin da ke buɗewa. Littattafan cututtukan mata da aka rubuta a Salerno ta Italiya a ƙarni na 12, waɗanda aka sani da sunan Trotula, suna kai mai irin wannan larura ga ganyaye masu zafi da ƙamshi, a sha ko a yi turare ko a zauna cikin ruwansu, babbarsu wata ciyawa ƴar dangin tazargade. Alkyabbar Maryamu tana ɗaya gefen: ita mai rufewa ce, mai ɗaurewa, mai busarwa. Likitan da ya ba da ita ga wadda jininta ya ƙi sauka, a ƙa'idar zamaninsa, ya ƙara wa ƙofa sakata ne.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Maza ne suka rubuta littattafan nan duka, ko kusan duka, alhali ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Abin da ungozoma a wani ƙauyen Tirol take dafa wa budurwar da ta kwanta tana murƙususu bai shiga injin Schöffer ba. Ganyen yana bakin ƙofa, ba ya da guba, ba a saye. Da wuya a ce ba a taɓa ba da shi don ciwon mara ba. Amma tarihin da aka rubuta ya nuna hanya ɗaya: rauni da farko, jini mai yawa a bayansa, ciwon mara a can ƙarshe.

Suna linzami

Yaya aka yi ya isa ƙarshen? Sunan ne ya fara jan sa. A zane-zanen coci na ƙarni na 14 da na 15 akwai wani hoto da ya yaɗu ƙwarai a Italiya da ƙasashen Jamus, inda ake nuna Maryamu ta buɗe alkyabbarta, jama'a sun taru a ƙarƙashi suna neman mafaka. Ganyen da ya yi tattara kamar wannan alkyabba ya samu sunanta: Unser Frauen Mantel, alkyabbar Uwargidanmu. A Jamusancin da, Frau na nufin uwargida mai daraja, Frauen kuma a wannan suna mallakar mace guda yake nunawa. Da harshe ya sauya, Frau ta koma sunan kowace mace, Frauen ya zama jam'i a kunnen mai sauraro, aka kuma yar da kalmar farko. Abin da yake alkyabbar Maryamu ya wayi gari alkyabbar mata, ba tare da an canza harafi ko ɗaya ba.

Ga kuma wata aƙida da ta yi ƙarfi tun zamanin Paracelsus, likitan Suwis da ya rasu a 1541, cewa Mahalicci ya sa wa kowane tsiro alamar ciwon da yake warkarwa. Ganye mai siffar hanta na hanta ne, mai ruwa rawaya na shawara ne. To ganyen da ya yi kwarmi ya rungume ɗigon ruwa a tsakiyarsa, me zai tuna wa mai neman alama in ba mahaifa da abin da ke cikinta ba? Kama da wane ba wane ba ne, amma aƙidar ta daɗe a ƙauyuka bayan jami'o'i sun yi watsi da ita. A yankunan Katolika na Bavariya da Ostiriya har yau ana ɗaura dammunan ganyaye a kai coci ranar 15 ga Agusta, ranar bikin Maryamu, kuma kwana 30 da ke biye su ne ake ɗauka lokaci mafi albarka na tsinkar ganyen magani.

Abu na uku kunya ce. Jamusanci yana da kalma guda, Frauenleiden, wahalhalun mata, wadda ke rufe komi: jini mai yawa, jini kaɗan, farin ruwa, ciwon mara, ɓari, zafin jikin da ke zuwa idan haila ta ɗauke. Da ita mace ke magana da mai kantin magani ba tare da ta faɗi abin da ke damunta ba, da ita kuma mai littafi ke rubutu ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Ganyen da aka san shi da biyu daga cikin waɗannan larurori, da zarar an sa shi cikin wannan ƙwarya, ya gaji sauran duka. Bambancin da tsofaffin likitoci suka yi tsakanin mai buɗewa da mai rufewa ya narke cikin kalma ɗaya.

Limamin Zizers

A ƙarni na 19 likitancin jami'a ya juya wa ganyen baya, ya nufi wuƙa. Har lokacin ana ganin toshewa ce ke kawo ciwon mara, saboda haka aka shiga buɗa bakin mahaifa da ƙarafa, wasu ma suna tsaga shi. Wadda ciwo ya fi ƙarfinta akan ba ta ruwan ofiyom. A 1872 Alfred Hegar, babban likitan mata na Freiburg, ya cire wa wata mace ma'ajiyar ƙwanta, lafiyayyu, don raba ta da azabar da take sha duk wata. Ta rasu bayan ƴan kwanaki. A shekarar nan dai Robert Battey ya yi irin aikin a jihar Jojiya ta Amurka, tasa ta rayu, aikin ya ɗauki sunansa, aka yi wa dubban mata shi kafin ƙarni ya ƙare. Sai an riƙe wannan a zuciya za a gane abin da ya biyo baya.

Johann Künzle limamin cocin Katolika ne, an haife shi a 1857 a yankin St. Gallen na Suwis. A 1911, yana limanci a ƙauyen Wangs, ya fitar da wani ɗan littafi mai araha, Chrut und Uchrut, wato ganye da ciyawar banza, cikin harshe irin na manoma, da barkwanci da faɗa. An sayar da fiye da miliyan 2 a tsawon shekaru. Da ya koma Zizers a jihar Graubünden a 1920, marasa lafiya suka yi masa ca, likitocin jihar suka kai ƙararsa cewa yana aikin da ba shi da izini. Jama'a suka tara sa hannu, aka jefa ƙuri'a a 1922, masu goyon bayan maganin ganye suka yi rinjaye. Künzle ya zauna jarrabawa gaban hukuma yana da shekara 65, ya ci.

Babu wanda ya ɗaukaka alkyabbar Maryamu kamarsa. Ya koyar da cewa kowace mai jego ta sha shi kwana da kwanaki, ya kuma yi da'awar da har yau ake maimaitawa a littattafai da shafukan intanet, cewa da mata za su fara shan ganyen da wuri su daɗe suna sha, da kashi biyu cikin uku na aikin fiɗar da ake yi musu ba a bukace shi ba. Bai ƙirga kowa ba kafin ya faɗi wannan adadi. Magana ce ta mai wa'azi. Amma ga matar da ta ga an kai maƙwabciyarta asibiti ba ta dawo ba, alkawari ne mai nauyi. Ƙarfin Künzle bai tsaya ga ganyen ba: ya ba mace abin da za ta yi da hannunta, a ɗakin girkinta, ba tare da ta tuɓe gaban baƙon namiji ba.

Bayansa Maria Treben, wata uwargida ƴar Ostiriya da ba ta yi karatun likita ba, ta ɗauki tutar. Littafinta na 1980, wanda Faransawa suka sani da La Santé à la pharmacie du Bon Dieu, an sayar da miliyoyinsa cikin harsuna fiye da 20, kuma ya jera rikicin al'ada cikin ayyukan ganyen. Ya fito daidai lokacin da matan Turai da yawa ke neman karɓe sanin jikinsu daga hannun likitoci maza. Daga cocin ƙauye ganyen ya koma kantunan birni. Yawancin abin da ake kira tsohuwar hikimar kakanni game da shi a yau, idan aka bi sawunsa, ga waɗannan littattafai biyu yake tsayawa.

Abin da ɗakin gwaji ya gano

Ana cikin haka, asalin ciwon ya fito fili ta wata hanya dabam. A 1957 wani masani a Birtaniya, V. R. Pickles, ya nuna cewa cikin jinin haila akwai wani abu mai sa tsoka ta murɗe. Zuwa 1965 shi da abokan aikinsa sun gane cewa sinadaran furostagilandin ne, kuma sun fi yawa ga matan da ke fama da ciwon. Mahaifa tsoka ce. Idan sinadaran sun yi yawa takan matse da ƙarfi har ta danne jijiyoyin da ke kawo mata jini, ciwon ke nan. Babu wata ƙofa da ta toshe. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin da danginsa suna hana jiki haɗa waɗannan sinadarai, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Ibuprofen, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969, ya zama maganin farko da likitoci ke bayarwa. Har tsohuwar dabarar ɗora abu mai ɗumi a mara an gwada ta: wani gwaji da aka buga a Amurka a 2001 ya samu cewa ɗumi mai ɗorewa yana rage ciwon kusan daidai da ƙwayar.

Alkyabbar Maryamu ba ta samu irin wannan gwaji ba. A 1978 gwamnatin Jamus ta Yamma ta kafa wani kwamiti na likitoci da masana magunguna, Kwamitin E, don ya tace ganyayen gargajiya ɗaya bayan ɗaya. Hukuncinsa a kan wannan ganye ya fito a 1986: an yarda da shi don zawo mara tsanani, giram 5 zuwa 10 a yini, da gargaɗin a ga likita idan zawon ya wuce kwana 3 ko 4. Ba a ambaci mata ba ko kaɗan. Kundin magunguna na Turai, shi ma, da bauri yake auna ingancin ganyen: dole busasshensa ya ƙunshi tanin aƙalla kashi 6 cikin 100. Bayan shekara 500 hukuma ta koma inda wanzamai suka tsaya. Maganar da ake yawan ji cewa ganyen yana aiki kamar sinadarin jikin mace mai riƙe ciki, ba a nuna ta a jikin mutum ba.

Me ya sa, to, mata da yawa ke rantsuwa cewa ya yi musu amfani? Ba ƙarya suke yi ba. Ciwon mara na yau da kullum yakan lafa da kansa cikin kwana 2 ko 3, yakan kuma ragu da shekaru ko bayan haihuwa, kuma duk maganin da ya tarar da ciwo a bakin ƙofar fita shi ke shan yabo. Ruwan zafi, da zama wuri ɗaya, da samun wanda ya kula ya dafa, ba abin rainawa ba ne. Sinadaran furostagilandin kuma sukan taɓa hanji, shi ya sa wasu ke haɗa ciwon mara da zawo, kuma a nan baurin ganyen yana da aikin yi na gaskiya. Sai dai yana da nasa haraji: tanin yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga abinci, abin da mai zubar da jini da yawa ta fi kowa bukata.

Haɗari mafi girma ba a cikin kofin yake ba. Fiye da rabin mata masu haila suna jin wani ciwo duk wata, kuma malamin makaranta a kowace ƙasa ya san kujerar da ke zama wayam kwana biyu. Amma a cikinsu akwai waɗanda ciwonsu alama ce ta wata cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, wajen miliyan 190, tana da endometiriyosis, cutar da nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsira a wajenta, ya kawo azaba, wani lokaci da rashin haihuwa. A Turai kanta akan yi shekaru kafin a gano ta, domin an saba gaya wa yarinya cewa haka al'ada take, ta sha shayi ta yi haƙuri. Alkawarin Künzle, wanda ya tsirar da wasu daga wuƙar da ba su bukata, yana iya tsare wasu daga likitan da suke bukata.

A 2004 Tarayyar Turai ta yi doka ta musamman don magungunan ganye. A ƙarƙashinta ana iya yi wa magani rajista a matsayin na gargajiya ba tare da gwajin asibiti ba, muddin an nuna ba ya cutarwa, aikinsa abin yarda ne ga hankali, kuma an yi shekara 30 ana amfani da shi, 15 daga ciki a ƙasashen Tarayyar. Gargajiya, a idon wannan doka, ba ta kai tsawon rayuwar mutum guda ba. Ɗan littafin 1911 ya ninka wa'adin sau uku da ɗoriya. A kan irin wannan ma'auni ne ESCOP, haɗakar ƙungiyoyin masana maganin ganye na Turai, ta sa ciwon mara cikin ayyukan ganyen a 2013, a bayan zawo da ɓacin ciki, ta kuma bayyana cewa hujjarta daɗewar amfani ce da abin da mutane suka gani.

Ko tambayar wace ciyawa ce ake sha ba ta da amsa guda. Robert Buser, masanin tsirrai na Geneva, ya ɓata shekarun 1890 yana rarrabe abin da Linné ya kira iri ɗaya, ya fitar da iri-iri masu yawa, kuma a 1901 Svante Murbeck ɗan Suwidin ya gano dalili: waɗannan ciyayi suna yin ƙwayar iri ba tare da barbarar fure ba, kowace uwa tana haifar kwafin kanta. Da masu neman alama sun san haka game da ganyen da suka ba sunan Maryamu, da sun cika littafi. Yau ana lissafa ɗaruruwan irinsu a Turai kaɗai, kuma kundin magunguna ya haƙura ya karɓe su a dunƙule. A farmasin Jamus ana sayar da busasshen ganyen cikin ɗan kwali, sau da yawa a kan shiryayye ɗaya da sauran shayin mata, kuma mata ne ke saye. A bayan kwalin, inda doka ta ce a rubuta abin da maganin yake yi, zawo aka rubuta.